Tsohon da Ke Kiran Sunaye

Ba a gama buɗe ƙofa ba tsohon nan mai suna Don Anselmo ya shigo, hularsa a hannu, ruwa na ɗiga daga kafaɗun kwat ɗinsa. Nélida, mai gadin ɗakin ƙarshe, ta jawo masa kujerar da ta saba ɓoye masa a bayan labule.

Gidan baje zane-zanen nan na unguwar San Telmo kyauta ake shigarsa, shi ya sa da sanyi ya sauka a Buenos Aires 'yan fansho suke cika shi. Wasu kallo ke kawo su, wasu ɗumi kawai. Don Anselmo ya taɓa gaya mata cewa da can yawo yake daga wannan gidan tarihi zuwa wancan, duk inda ba a biya, har ranar da ƙafa ta kawo shi ɗakinta. Tun daga ranar bai ƙara leƙa ko'ina ba.

Babu zanen fenti ko ɗaya a ɗakin. Hotuna ne marasa kala na samari da 'yan matan unguwar da sojoji suka kwashe a zamanin mulkinsu, suka tsare a wani garejin motoci, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. An jera su bisa haruffan sunayensu. A layin sama akwai Rubén, ƙanen mahaifiyar Nélida, wanda ta sani a hoto kawai.

Tsohon yakan ɗora hula a gwiwa, ya fara kiran su a hankali. Ba ya duba rubutun da ke ƙarƙashin hotunan, idon ma ya riga ya yi rauni. Sunan gida yake farawa da shi, sannan na mutum. "Ledesma, Alcira." Sai ya ɗan dakata kamar mai jiran amsa. Ba ya bin jerin bango, daga wannan kusurwa sai ya tsallaka waccan, amma kullum tsarinsa ɗaya ne, ba ya sakewa. In ya fara, ɗakin yakan yi tsit har Nélida ta ji kamar idanun da ke bangon sun juyo.

"Ga saurayinki can ya iso," in ji Cacho mai tsaron ƙofa. "Ya fi ki zuwa aiki a kan lokaci."

"Kai dai ji da tumbinka," ta ce, ta wuce da ruwan zafi da ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a ƙasar.

Tare suke sha da tsohon, ita ta tsotsa ta cika ta miƙa masa. Wata rana ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi.

"Baba, wanne ne naka a cikinsu?"

Ya ajiye ƙoƙon. "Dukkansu, 'yata. Ba sa bari in runtsa."

Ta nuna masa kawunta. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce yaron ya iya waƙa, ko a cikin duhu sai ya rera. A gidansu ba wanda ya taɓa gaya mata haka. Ta shiga bayi ta yi kukanta, ta fito tana jin kamar an mayar mata da wani abu nata.

Da ranar tunawa da su ta matso, shugabar gidan ta ce ana neman wanda zai karanta sunayen a gaban jama'a. Nélida ba ta jira ba, ta ce tana da mutum. Don Anselmo ya ƙi. Ta roƙe shi, ya sake ƙi. Sai da ta ce saboda Rubén, sannan ya ɗago.

"Kin tabbata kina so?"

Ta ce ta tabbata.

Ranar, tun da hantsi ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Tsofaffin mata masu farin kallabi, iyayen waɗanda aka kwashe, sun zauna a gaba, kowacce da hoto a ƙirji. Nélida ta riƙo hannun Doña Ofelia, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka fito daga garejin da rai, ta zaunar da ita, ta tsuguna a gefenta.

An miƙa wa tsohon takarda, ya ce ba ya buƙata. Ya miƙe tsaye cak, ya haɗe ƙafafu kamar soja. Da ya buɗe baki a lasifika, muryar da ta fito ba ta mai shan mate ba ce. Busasshiya ce, ba gaggawa, ba rawa.

"Ledesma, Alcira."

Farcen Doña Ofelia ya nutse a hannun Nélida. Tsohuwar ta runtse ido gam, ta sunkuyar da kai, ta haɗe gwiwoyinta kamar ƙaramar yarinya. Leɓenta na motsi. Nélida ta matso da kunne, sai ta ji tana faɗin suna na gaba tun kafin ya fita daga bakin tsohon. Ya kira, ya zo daidai. Ta faɗi wani, ya sake zuwa daidai. Na gaba Rubén ne.

"Inna, kin san shi ne?" Nélida ta raɗa mata.

"Ban taɓa ganin fuskarsa ba, idanunmu a ɗaure suke," in ji tsohuwar, ba ta buɗe ido ba. "Amma muryar nan ce take tsayawa a bakin ƙofar garejin ta kira waɗanda za a tafi da su a kashe, kuma haka ya kira su, ɗaya bayan ɗaya."