Motar da Ba Ta San Tungar Maje Ba

Tun da aka kafa dokar cewa sabuwar mota ba ta zuwa inda babu a taswirar hukuma, tsofaffin jif suka yi ƙaranci. Ta Alhaji Tanimu na cikin 'yan kaɗan da suka rage.

Ranar Laraba ya kai ta wurin Barau dillali don musaya. Barau ya buɗe masa sabuwa, kujerun fata, sanyi kamar ruwan randa, babu sitiyari.

"Faɗa mata wuri kawai, Alhaji, ta kai ka. Taka kuwa yau za a niƙe ta."

Tanimu ya zauna da bismillah, ya ambaci ƙauyen mahaifiyarsa: "Tungar Maje."

"Babu wannan wuri," in ji motar cikin ladabi.

"Ke! Juma'ar nan da ta wuce na kai wa Inna magani!"

Barau ya rage murya. "Ƙauyenmu ma haka ta ce. Bayan wata guda na je da ƙafa, ko rijiya ban tarar ba."

Tanimu ya fizge makullin tsohuwar motarsa daga hannun Barau. Yana juyawa, sabuwar motar ta sake magana, cikin ladabin nan:

"Mutum nawa ne a can, ranka ya daɗe?"