Ƙofar da Baba Bai Rufe Ba

"Shekara ɗari ya yi a duniya, sittin yana fasto, bai taɓa rufe ƙofar cocin nan ba," in ji dattijon ikilisiya a gaban akwatin gawar Baba. "Don mai zunubi ya samu shiga."

Jama'a suka ce amin. Ina matse a benci tsakanin yayyena. Ni auta kaɗai Baba ya faɗa wa ainihin dalilin: a yaƙi rami ya rufta da shi, ya kwana uku a binne. Tun daga nan, da an rufe ƙofa sai numfashinsa ya sarƙe.

Babban yayanmu ya ɗauko murfin akwatin. Na miƙe.

"Yaya, don Allah kar ka rufe duka. Bar masa 'yar kafa."