Kwikwiyon Mai Lambu

An yi wani mai lambu a bakin fadama wanda birai suka isa. Masara ba ta isa ta yi goyo ba sai sun sauko sun yi mata kaca-kaca. Da ya ji karyar wani maharbi ta haihu a ƙauyen gaba, sai ya ruga ko karyawa bai yi ba. Maharbin ya ce ya bari 'ya'yan su cika wata biyu. Shi kuwa ya taɓa jin ana cewa in ka ɗauki kare tun bai san uwarsa ba, to ba zai san kowa ba sai kai. Ya kafe, ya jefa ɗan kwana ashirin a aljihun taguwa ya taho gida, ya raine shi da kunu da madara. Kwikwiyo ya yi ɓul-ɓul, haƙora suka fito kamar allurai, sai cizo. Diddige, yatsa, bakin zane, duk ɗaya ne a wurinsa, kuma in ya kama ba ya saki sai ya ga jini. An yi duka, an ɗaure, mutumin har barkono ya shafa a ƙafarsa, ba abin da ya samu sai raɗaɗi. Ranar da kwikwiyon ya yagi ƙwaurin wata tsohuwa mai tallar daddawa, mai unguwa ya aiko cewa in ya ƙara cizon wani, kashe shi za a yi. Ga masara kuma ta fara gemu.

Hankalin mai lambu ya tashi, amma mamaki ya fi damunsa. Maƙwabcinsa ya jira wata biyun ya ɗauko ɗan'uwan wannan kwikwiyo, ciki ɗaya, nono ɗaya, ga shi yana wasa da hannun mutum ko ƙwarzane babu, har ya fara yi wa birai haushi. To, me wancan ya sha da nasa bai sha ba? Ya saɓi nasa ya koma ƙauyen maharbi, ya sami gindin tsamiya ya zauna ya zuba wa karyar ido, ita da 'ya'ya biyun da suka rage. Yana kallo ɗaya ya gartsa wa ɗaya cizo a kunne. Wanda aka ciza ya ƙwala ƙara, ya juya baya, wasa ya mutu nan take. Mai cizon ya koma wutsiyar uwa, ta danne shi da ƙafa, ta tashi ta bar masa wurin. Da ya sake zuwa, a hankali ya kama. Maharbin ya ce, "Makarantar da ka cire shi ke nan. Bar shi ya yi wata guda." Wannan watan da kansa mutumin ya yi gadi, da majajjawa da gwangwani, yana ihu har murya ta dushe, birai kuwa suka cinye kashi ɗaya cikin uku na masarar. Kare ya dawo da ladabi, yana kama yatsa ya saki. Kwana arba'in maharbi ya nema tun farko, mai lambu ya hana, ya zo ya biya da wata guda da masararsa a kai. Gaskiyar Hausawa da suka ce, sauri ya haifi nawa.