Sunan da Inna Ta Bari Ya Bushe

Tun da aka kafa dokar bushewa, duk abin da ka rubuta a dandalin unguwa na waya ja yake fitowa, kana iya gyarawa. Da ya koma baƙi shi ke nan, kuma shi za a karanta ranar jana'izarka.

Ranar da Yaya Nafi'u ya dawo da ruwa famfunan unguwarmu, Inna ta ɗauki wayarta ta yi rubutu. Na leƙa, na ce mata:

"Inna, sunan Yaya kika rubuta ƙuru-ƙuru. Ɗan fari fa. Ki mayar da shi 'yaron nan' kafin ya bushe."

Har Gwaggo Lantana ta amsa a ƙasan rubutun, tana kiran Inna da sunanta: "Su Balaraba an sayar da kunya."

Inna ta ajiye wayar a kan tabarma, ta ci gaba da tsintar shinkafa.

"Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba," in ji ta. "Ranar da za a ɗauke ni, ina so ya ji na kira shi, ko da bakin wani ne."

Muka zuba wa wayar ido har jan ya koma baƙi. Ban taɓa ganin Innata ta yi kyau kamar ranar ba.