Jifan Tubali

"Malam, bar wahal da kanka kan 'yan gida," in ji shugaban ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando. "Gwani yanzu sayo shi akai. Dubi wanda niɗ ɗauko daga Ikko."

Zama ya gagare ni. Na ƙarar da ƙuruciyata ina horar da samarin Mafara, yau ga su jere a benci, baƙo yana buga wasan ƙarshe a madadinsu.

Ana kunnen doki, dab da tashi, aka ba baƙon jifa. Bai ɗaga ƙwallon sama da kai ba. Ya rage tsawo, ya saukar da ita tsakanin gwiwoyinsa, ya cilla da hannu biyu. Ta faɗa raga.

Na gane wannan jifan. Haka ake cilla wa magini tubali yana bisa katanga.

Na kutsa cikin masu murna na kamo hannunsa. "Samari, ina ka koyo wanga jifa?"

"Ƙasar Maradun, nan kusa da Mafara, Baba. Da ruwan dam ya ci ƙauyenmu, mu munka yi jifan tubalin sabbin gidaje. Gona babu, sai munka watse."

A bayana shugaba yana ta ɗaga murya: "Kun ga hannun Ikko, ko?"