Warin Bunsurun Baba Cindo

Tun shekarar da hukuma ta wajabta ɗura wa kowane bunsuru tsimin ganye, bunsuran ƙauyen suka daina wari. Na Gwaggo Tasalla har ƙamshin lemun tsami yake yi. Malamin dabbobi ya auna maniyinsa a na'ura, ya ce, "Gwaggo, wannan ko tagwaye kike so zai ba ki."

"To me ya sa awakina ko kallonsa ba sa yi, ɗan nan? Ko ɗaya ba ta ɗauki ciki ba."

Ya sosa ƙeya. "Na'ura dai ta ce lafiya lau."

Ta rasa gane kan zancen. Sai ta yagi tsumma ta nufi gidan Baba Cindo, wanda ya ɓoye wani tsohon bunsuru da bai taɓa shan tsimin ba. Ta tarar da layin mata, kowacce da tsummanta.

"Goga a hankali, Tasalla," in ji Baba Cindo. "Shi kaɗai ya rage, kuma tun jiya bai ci komai ba."

Ta dawo ta shafe bunsurunta da tsumman. Awakin suka ɗago kai, suka shinshina iska, suka wuce shi, suka kewaye ta suna kaɗa jela.

"Ikon Allah," ta ce. "Yau kuma ni ce bunsurun?"