Muryar Malam Tanko

"Umma, me ya sa Kaka yake magana a ajinmu, amma a gida ko na tsokane shi ba ya ramawa?"

Suwaiba ta gyara wa Ummita hijabi. "Wuce mu tafi, kin makara."

Tun da gwamnati ta ce ba fansho sai ma'aikaci ya miƙa muryarsa, mahaifinta Malam Tanko ya miƙa tasa don kada gidan ya rasa abinci. Yanzu da muryarsa na'urar makaranta take koyar da yara, shi kuwa ko ruwa yake so sai ya nuna da hannu.

Da ta raka yarinyar, sai ta laɓe ƙarƙashin tagar aji. Muryar ta fito tas, babu ɗan tarin nan da yakan yi kafin ya ce, "Suwaiba, zo nan." Ta tsaya har ya gama kiran sunayen yara, ko akwai takwararta a cikinsu. Babu.

Mai gadi ya ce, "Baiwar Allah, kullum ke ce. A tafi gida."

Kai mai karatu, in tsohonka ya kira ka yau, kada ka bari sai ya maimaita.